Guduma Kafin Bindiga: Nazari kan Koyar da Sana'a a Ƙaramar Sakandare

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji. Bayan kwana shida aka sako su. Tun daga nan, uba a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, idan ɗansa ya gama firamare, yakan auna ko abin da sakandare za ta ba yaron ya kai haɗarin zuwanta. Wannan maƙala tana nazarin amsar da tsarin iliminmu ya tanadar wa wannan uba.

A rubuce, amsar ta daɗe. Tsarin 6-3-3-4, wanda aka soma aiwatarwa a 1982, ya ware shekaru uku na ƙaramar sakandare domin yaro ya ɗanɗani aikin kafinta da na ƙarfe da na lantarki. An sayo injuna daga waje, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu, saboda babu wuta, babu malamin da zai tayar da su. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mai da karatun kyauta kuma tilas, amma sana'ar ta tsaya a allo: yaro ya zana zarto, ya ci jarrabawa, bai taɓa yanka katako ba.

Aibin farko na tsarin shi ne lokaci. Yawancin shirye-shiryen koyar da sana'a suna jiran matashi ya bar makaranta, ya sha zaman kashe wando, sannan a kira shi horo. Alhali yaron da aka kashe mahaifinsa, ko aka tashi ƙauyensu, a ajin farko yake sulalewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne wuri. Ƙauyen koyon sana'o'i na matasa da gwamnatin Ibrahim Shema ta kafa yana birnin Katsina, nesa da ɗan Sabuwa da ke maƙwabtaka da Birnin Gwari. Ga shi kuwa malaman sana'a suna nan a kowane gari: maƙera, teloli, masu walda, masu gyaran babur da waya. Ƙanƙara na da farar ƙasa, yankin Faskari ya san auduga. Da makaranta za ta ƙulla yarjejeniya da waɗannan masu sana'a, a yi karatu da safe, a zauna shago da la'asar, ba ta buƙatar jiran inji daga Turai.

Na uku, wanda ya fi zurfi, shi ne daraja. Mun mai da sana'a masaukin wanda ya faɗi jarrabawa. Muddin haka take, yaro zai ɗauki guduma alamar kasawa, alhali masu zawarcinsa daga daji suna yi masa tayin babur da kuɗi da jin cewa shi ma wani ne.

Koyar da sana'a ba za ta maye gurbin tsaro ba. Amma yarinyar da ta ɗinka rigar makarantarta a aji ɗaya, da yaron da ya kawo wa uwarsa kuɗin cefane daga gyaran fitila, sun ba iyayensu hujjar barin su su kai aji uku. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane shiri, ba da yawan kekunan ɗinkin da aka raba ranar biki ba.