Kalmomin Aro da Ma'aunin Addini: Sharhi a kan Wata Hanyar Nazari, da Misalai daga Yankin Tunuga

1. Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara nazarin Hausa bisa tsarin ilimin harsuna na zamani, in aka tashi bayanin tasirin addini a kan harshen, hanya guda aka fi bi, watau a tattaro kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, a jera su, a kasa su gida-gida, sa'an nan a kafa hujja da yawansu. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, shi ya share fagen da maƙalarsa ta 1947, inda ya raba kalmomin kashi biyu: tsofaffi waɗanda suka shigo ta bakin fatake daga Larabcin magana, da na baya waɗanda suka shigo ta alƙalamin malamai. A 1960 ya ƙara nuna cewa wasu kalmomi, irin su karatu da rubutu da kasuwa, ta hanyar Barebari suka iso. Mervyn Hiskett ya biyo baya a 1965, ya danganta shigar kalmomin da tarihin karatu da littattafan da malamai ke karantarwa. A 2008 kuma Sergio Baldi ya fitar da ƙamus na kalmomin Larabci a harsunan Afirka ta Yamma da Suwahili.

Babu mai musun amfanin waɗannan ayyuka. Da su aka san hanyoyin da kalmomi suka biyo, da yadda Hausa ta sarrafa alif da lam na Larabci a kalmomi irin su alƙali da lafiya da ladabi. Abin da wannan sharhi ke tuhuma shi ne hukuncin da masu karatu da masu koyarwa kan ciro daga jerin, cewa yawan kalmomin aro shi ke nuna zurfin addini a zukatan masu harshe. Za a gwada wannan hukunci da abin da ake ji a yankin Tunuga.

2. Dalilin zaɓen Tunuga

Tunuga ƙaramar hukuma ce a gundumar Gaya, cikin jihar Doso, a kusurwar da Nijar ta haɗu da Nijeriya da Benin. Tana can ƙarshen kwarurrukan Mauri da Foga, yankin da ya yi suna da gishiri tun kafin zuwan Turawa. Mutanen wurin suna cin kasuwar Gaya, suna cin ta Kamba a jihar Kabi, suna ƙetare kogi su ci ta Malanbil. Ana jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fillanci, sau da yawa a bakin mutum guda. Galibin jama'ar Musulmi ne, suna bin liman ɗaya, suna ganin wata ɗaya. Saboda haka wuri ne da ya dace a tambaya: in addini ɗaya ne, harsuna kuwa dabam-dabam, me jerin kalmomin aro ke aunawa?

3. Rauni na farko: harsuna ba su aro iri ɗaya

A dubi yadda maƙwabta ke kiran ginshiƙan addini. Bahaushe ya ce salla da masallaci da azumi, dukkansu tushensu Larabci ne, ko da yake azumi ta bakin Buzaye ta ratso kafin ta iso. Bazabarme kuwa ya ce jingar ga salla, jingaray ga masallaci, mee haw ga azumi, wanda ma'anarsa ta zahiri ita ce ɗaure baki. Mahalicci kuma Irikoy yake ce masa, watau Ubangijinmu. Bafillace ya ce juulde da juulirde. In da ƙirgar kalmomi ce ma'auni, da sai a ce Musulunci ya fi kama Bahaushe.

Tarihi bai goyi bayan haka ba. Dandanci da Zabarmanci dangin harshen Songai ne, al-Bakri kuwa ya ambata a littafinsa na 1068 cewa sarkin Gawo Musulmi ne, alhali Tarihin Kano ya kai zuwan Wangarawa da Musulunci ga zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Askiya Muhammadu ya tafi hajji a 1496. Shehu al-Magili, wanda ya rubuta wa Muhammadu Rumfa na Kano nasiha kan mulki, shi ne dai ya amsa tambayoyin Askiya. Bayan Maroko ta ci Songai a Tondibi a 1591, zuriyar Askiya ƙasar Dandi suka komo. Abin da bambancin kalmomin ke nunawa shi ne ɗabi'ar kowane harshe: wani ya ɗauki baƙuwar kalma ya gyara mata zama, wani ya ɗora sabuwar ma'ana a kan tasa. Hausa ma ta yi hakan da Ubangiji da tsarki da rantsuwa.

Sha'anin Kyangawa ya ƙara fito da matsalar. Su tsofaffin mazauna yankin Gaya ne, harshensu na asali kuwa dangin Mande ne, ɗan'uwan Busanci da Bokanci. Yawancinsu sun koma Hausa ko Dandanci. Bakyangen da ya koma Hausa ya gaji kalmomin Larabcin da ke cikinta gaba ɗaya, a dunƙule, kamar wanda ya sayi gida da kayansa. Wanda ya ƙirga su a bakinsa ya auna canjin harshe ne kawai, bai gano lokacin da addini ya shiga gidan ba, balle yadda ya zauna.

Daɗin daɗawa, Bahaushe Kirista da kalmomin nan yake ibada. Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932 cike yake da Allah da annabi da mala'ika da zunubi da addu'a. Kalma guda ke nan tana yi wa aƙida biyu aiki, jerin kalmomi kuwa ba shi da idon da zai rarrabe su.

4. Rauni na biyu: ƙamus na ba da ma'ana, ba ya faɗin aiki

Ƙamus zai ce albarka daga Larabci take, ma'anarta yalwar alheri daga Allah. Amma a saurari cinikin gishiri ko na shinkafa a kowace kasuwa ta yankin:

(1) Mai saye: Na taya jikka biyu.
Mai sayarwa: Albarka.

A nan albarka na nufin tayin bai kai ba. Mai kaya ya ƙi, amma ya ƙi da addu'a, don kada a rabu da ɓacin rai. In ya yarda kuma, sai ya ce ya sallama, da wata kalmar Larabcin. Haka nan wanda almajiri ya roƙa, ba shi da abin bayarwa, sai ya ce:

(2) Allah ya ba da haƙuri.

Babu a'a a cikin wannan jimla, amma almajiri ya ji ta, ya yi gaba. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin misalan biyu ita ce, arziki na Allah ne, bawa ba ya rufe ƙofarsa da gatsali. Wannan ƙa'ida ita ce ainihin tasirin addini a kan magana, kuma ba kalma ba ce da za a samu a jeri.

Haka abin yake ga in Allah ya yarda. Wani lokaci alkawari ne mai ƙarfi wanda mai shi ya tsare da ladabi, domin gobe ba a hannunsa take ba. Wani lokaci kuma hanya ce ta zamewa ba tare da an kunyata mai roƙo ba. Murya da matsayin masu magana da abin da ya gabata su ke rarrabewa. Ma'aikacin da ya yi karatu da Faransanci, ya saba da i ko a'a na takarda, yakan ɗauki na farko a matsayin na biyu, ya zargi talaka da rashin cika alkawari. Majiyyaci ma yakan ce da sauƙi ko da ciwo na ƙaruwa, saboda kuka da ƙaddara a bainar jama'a rashin godiya ne. Ma'aikacin asibitin da ya tsaya a amsar farko bai ji komai ba tukuna. Wanda aka zalunta kuma, in ya ce Allah ya isa, ya ɗaukaka ƙara ne zuwa kotun da babu ta gaba da ita, shi ya sa dattawa kan tashi tsaye su sa a janye ta.

Akwai kuma inda addini ya yi zurfi ƙwarai ba tare da kalmar aro ko ɗaya ba. In aka ce wane ya kwanta dama, kalmomin duka na Hausa ne, amma hoton na kabarin Musulmi ne, inda ake kwantar da mamaci a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Haka ma ya riga mu gidan gaskiya. Mai farautar Larabci zai wuce waɗannan bai gan su ba.

5. Rauni na uku: tsohon tunani cikin sabuwar riga

Kamar yadda kalmar Hausa ke ɗaukar ma'anar Musulunci, haka kalmar Larabci kan ɗauki abin da ya girme shi. Aradu daga Larabci take, amma rantsuwa da aradu ba daga littattafan fiƙihu ta fito ba. Ta gaji matsayin kwarankwatsa ne, wadda Maguzawa ke rantsuwa da ita. A wajen maƙwabta masu harshen Songai kuwa, Dongo shi ne iskan tsawa, kamar yadda Jean Rouch ya bayyana a littafinsa na 1960. Aljani ya zama sunan da ake lulluɓe iskoki da shi. Sadaka kan haɗa da wainar da aka raba don neman lada da kuma abin da aka ajiye a mararraba don kore wata musiba. Greenberg da kansa, a littafinsa na 1946, ya nuna yadda bori ya karɓi iskoki Musulmi irin su Malam Alhaji. Ke nan ya ga abin da idonsa a fagen al'ada, amma jerin kalmomi na 1947 ba shi da gurbin da zai sa shi.

Sunaye ma shaida ne. Ran suna, kwana bakwai da haihuwa, liman ya raɗa wa yaro Muhammadu ko Abubakar, a yanka rago. Amma uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, suruka ba ta kiran yaron da ya ci sunan surukinta. Sai laƙabi ya maye gurbi: Ɗanladi, Tanko, ko Ajuji ga ɗan mai wabi, wanda aka yi kamar an yar don mutuwa ta raina shi. Kunya ce ke mulki a nan. Cikin halayen mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya lissafa a 1974, amana da hankali da ladabi da adalci Larabci ne, kunya da mutunci kuwa ƴan gida ne, amma Bahaushe bai taɓa jin cewa kashi biyu ne ba.

Abu na ƙarshe, ma'amala na iya canzawa kalmomi suna nan yadda suke. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azinta ya ƙetaro iyaka, ya soki durƙusawa wajen gaisuwa da wasu bukukuwa. Adeline Masquelier ta bi sawun irin wannan jayayya a Dogon Dutsi cikin littattafanta na 2001 da 2009. Saurayin da ya miƙa wa dattijo hannu a tsaye da sallama bai kawo sabuwar kalma ba, domin sallama tsohuwa ce a Hausa. Duk da haka shi yana ganin ya bi sunna, dattijon kuwa yana ganin an ci mutuncinsa. Babban sauyi ne a sadarwa, ƙamus kuwa bai motsa ba.

6. Kammalawa

Wannan magana ba ta masana kaɗai ba ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma dokar sake gina ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ƙamusoshi da littattafan makaranta da za a rubuta, da tafintocin da za a horar don kotu da asibiti, duk za su dogara ga abin da masu nazari suka tanada. In aka ba su jeri kawai, za a sami tafintan da zai fassara albarka ta kasuwa da sa albarka. Haɗari na biyu ya fi wannan muni, musamman a wuri mai harsuna da yawa kamar Tunuga: a auna imanin maƙwabci da yawan Larabcin da ke bakinsa, a kira mai cewa Irikoy da sunan da bai cancanta ba.

Abin da ya kamata shi ne a ɗora a kan aikin magabata. A ɗauki magana da na'ura a inda ake yin ta, a kasuwa da wurin suna da zaman makoki da fadar mai gari, a rubuta wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa da abin da ya biyo baya. A yi haka cikin Hausa da Dandanci da Fillanci a gari guda, a kuma nemi tsofaffin da suka rage masu jin Kyanganci tun suna raye. Kowace kalma da za ta shiga ƙamus a ba ta layi biyu, na asali da na aiki. Greenberg da Hiskett da Baldi sun cika na farko gwargwadon iko. Na biyu yana jiran ma'aikatan cibiyoyin nazarin harsuna na ƙasashen uku da suka haɗu a wannan kusurwa.