Shafin 404 Da Ladabin Cewa Babu

A cikin masu gina shafukan intanet akwai waɗanda ke ganin ɓata lokaci ne mutum ya zauna yana tsara shafin 404, wato shafin da ke fitowa idan an nemi adireshin da babu shi. Hujjarsu ita ce shafi ne da ba a fatan kowa ya gani, gara a kashe wannan ƙarfin wajen gyara mahaɗan da suka karye. Wasu ma sun fi su gajen haƙuri, duk wanda ya nemi abin da babu sai su sa saba ta cilla shi babban shafi, a wuce wurin. Ra'ayin farko yana da rauni, na biyun kuwa ɓarna ce.

Masu ra'ayin farko suna magana kamar duk mahaɗan duniya a hannunsu suke. Wanda wani ya tura a WhatsApp shekarun baya, da wanda ɗalibi ya sa a ƙasan kundin digirinsa, da wanda ya guntule wajen kwafa, babu mai shafin da zai iya bin su ya gyara. A 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ba da rahoton cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke nan a 2013 sun daina buɗuwa bayan shekara goma, kuma kashi 23 cikin 100 na shafukan labarai suna ɗauke da aƙalla mahaɗi ɗaya da ya mutu. Ke nan baƙo zai ci gaba da zuwa ƙofar da aka toshe, ko an so ko ba a so.

Tarihin lambar gajere ne. Ta fito daga ƙa'idar HTTP da Tim Berners-Lee da abokan aikinsa suka tsara a cibiyar CERN a farkon shekarun 1990, ta kuma shiga takardar HTTP/1.0 ta 1996. Lambar 200 na nufin lafiya lau, wadda ta fara da 5 matsala ce daga saba, wadda ta fara da 4 kuma ana jingina ta ga mai nema. Labarin da ake yaɗawa cewa wani ɗaki ne mai lamba 404 a CERN ya ba ta suna, Robert Cailliau, wanda aka yi aikin da shi, ya ce tatsuniya ce. A 1998 masanin tsara shafukan intanet Jakob Nielsen ya yi rubutu yana kiran a yi wa mutane bayani da harshen da suke ganewa a wannan shafi. Burauzar Internet Explorer ta Microsoft ma ta taimaka ba da niyya ba, domin idan shafin kuskure bai kai baiti 512 ba, sai ta ɓoye shi ta nuna nata. Wanda ke son a ga nasa dole ya ƙara masa magana.

Daga nan abin ya zama fagen nuna gwaninta, barkwanci ya yi rinjaye. Amazon na nuna hotunan karnukan ma'aikatanta, abin da ke faranta ran Ba'amurke, amma ba lalle ya burge mai karatu a Gusau ba. Jaridar Financial Times ta Ingila ta fi iya wasan, ta jero dalilan ɓacewar shafin bisa mazhabobin tattalin arziki daban-daban, daga mabiya Keynes har mabiya Marx. Wasan ya zauna ne saboda masu karanta jaridar kaɗai aka yi wa shi, su ne za su gane. Duk da haka barkwanci sau ɗaya yake ci. Wanda ya faɗa shafin karo na uku yana neman farashin taki ba dariya ta kawo shi ba. Akwai kuma masu kyakkyawar niyya, irin shirin NotFound.org da ƙungiyoyin Missing Children Europe da Child Focus suka fara a 2012, inda ake sa hoton yaron da ya ɓata a shafin. Aikin lada ne, sai dai ba ya amsa tambayar da baƙon ya zo da ita.

Dabarar da ta fi cancantar nazari ita ce kwatance. Duk wanda ya taɓa yin sallama a zaure ya san bambancin yaron da zai leƙo ya ce ba ya nan ya koma ciki, da wanda zai ce ya tafi kasuwa, rumfarsa na layin 'yan goro, in kuma saƙo ne a bari. Dukansu gaskiya suka faɗa, amma ɗaya ne ya yi wa baƙo amfani.

Shafin kwatance yana farawa da faɗin gaskiya a jimla guda: abin da ake nema ba ya wannan adireshin. Ba ya ɗora wa baƙo laifi, ko da lambar da kanta ta jingina masa, don sau da yawa mai shafin ne ya sauya tsarin adiresoshinsa bai bar alama ba. Bayan haka sai ainihin aikin, wato karanta adireshin da ya gaza. Adireshin da ya mutu ba fanko ba ne. Idan a cikinsa akwai kalmomin noma da masara da 2021, baƙon ya riga ya faɗi buƙatarsa. Shafin kirki zai tsinto waɗannan kalmomi ya zuba su cikin akwatin bincike, ya jero labarai uku ko huɗu mafi kusa da su. Ba sabon ilimi ba ne. Manhajar Apache ta daɗe da wani sashe mai suna mod_speling da ke gyara kuskuren harafi guda a adireshi, WordPress kuma kan yi ƙoƙarin cankar labarin da ake nufi kafin ta nuna 404. Wikipedia, har da ta Hausa, ta ɗara kowa a nan, domin tana shaida wa mai nema cewa babu maƙala mai wannan suna, ta ba shi damar bincike, sannan ta gayyace shi ya rubuta ta da kansa.

Gaskiyar tana da matakai, kuma ƙa'idar ta tanadi lambobinsu. Abin da ya ƙaura, 301 ce tasa, a kai mutum sabon wurin kai tsaye. Abin da aka cire da gangan, 410. Wanda doka ta hana nunawa yana da 451 tun 2016. Masu cilla kowa babban shafi sun tattake duk wannan bambanci, baƙo ya rasa gane ko shi ya yi kuskure ko an goge labarin ne, Google kuma na iya ɗaukar turawar a matsayin 404 da aka yi wa lulluɓi. Ko abin da ya ɓace ɗin ma akan samu kwafinsa a rumbun Wayback Machine, kuma tun 2020 burauzar Brave ke tayin nemo shi daga can. Mai shafi na iya sa wannan mahaɗin da kansa.

A shafukan Hausa buƙatar kwatance ta fi ta Turanci yawa, dalilin kuwa haruffa masu lanƙwasa ne. Harafin ƙ idan ya shiga adireshi yakan koma %C6%99 wajen kwafa, adireshin ya yi tsawo ya cika da alamomi, ya zama mai saurin guntulewa a saƙo. Ga shi kuma wani editan zai rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa, mai nema a waya kuma ya buga wanda allon rubutunsa ya ba shi. Shafin 404 da ya san masu karatunsa zai gwada k a madadin ƙ, d a madadin ɗ, b a madadin ɓ, kafin ya ce babu. Layuka kaɗan ne na aiki ga mai shirya manhaja.

Abin takaici, ba wuya mutum ya tarar da shafin da komai nasa Hausa ne, daga kanun labarai har talla, amma da an kauce hanya sai Turancin da ya zo da samfurin shafin ya tare shi. A daidai lokacin da mai karatu ya rikice, a nan aka daina yi masa magana da harshensa. Wasu kuma sukan cika wurin da hoto mai motsi, ya cinye wa mutum data a kan labarin da bai samu ba.

Editocin shafukan Hausa su buga adireshin da babu shi a nasu shafin yau, su ga abin da masu karatunsu ke gani. In Turanci ne, a mayar da shi Hausa, a sa akwatin bincike da ya san ƙ da k, a cire hoton mai nauyi.