Sharhi A Kan Batun La'anar Ma'adinai

A cikin shekarar 1993 wani malamin ilmin ƙasa na Jami'ar Lankasta ta Ingila, mai suna Richard Auty, ya wallafa littafi a kan ƙasashen da su ke cin abinci da haƙar ma'adinai. A bangon littafin ya sa wata kalma wadda ma'anarta da Hausa ita ce la'anar albarkatun ƙasa. Kalmar nan ta kama bakin mutane har ta fi littafin suna, wanda bai taɓa buɗe shi ba ma yakan faɗe ta a majalisa. Saboda haka ya kamata a auna maganar, a ga inda ta yi nauyi da inda ta yi sakayau.

Abin da littafin ya ke nufi a taƙaice shi ne, ƙasar da Allah ya ba ta dukiya a ƙarƙashin ƙasa sau da yawa takan kasa ci gaba kamar wadda ba ta da kome. Lalle kuwa akwai hujja. Sa'ad da kuɗin waje suka kwararo, kuɗin ƙasar kan yi tsada, kayan ƙetare su yi araha, manomi da mai sana'a su rasa kasuwa. An ga haka a Holanda bayan an sami iskar gas a Groningen a 1959, har wata mujallar Ingila ta raɗa wa abin suna ciwon Holanda a 1977. Ɓacewar dalar gyaɗa ta Kano a cikin shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur suka yawaita, tana da kamar wannan, ko da ya ke farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 su ma da hannunsu a ciki.

Zambiya tana cikin ƙasashen da littafin ya duba. Ta sami mulkin kai a 1964 tana cikin mawadatan ƙasashen Afirka, jan ƙarfe kuwa shi ke kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ta ke samu daga waje. A 1970 gwamnati ta karɓi kashi 51 na mahaƙan. A 1975 farashin jan ƙarfe ya faɗi, hukuma ta zaci abin na ɗan lokaci ne, ta shiga cin bashi tana jiran ya tashi, bai tashi ba. A ƙarshen 1986 talakawan garuruwan haƙa suka yi bore saboda tsadar garin masara. Duk wanda ya karanta wannan labari ba zai ce Auty ya yi ƙarya ba.

To, amma akwai aibi biyu a cikin maganar. Na fari yana ga mudun da aka yi awo da shi. A 1995 waɗansu masana biyu na Amurka, Sachs da Warner, suka ƙarfafa batun da lissafi, suka nuna ƙasashen da albarkatun ƙasa suka fi yawa cikin abin da su ke sayarwa, in an gwada da dukan samunsu, su ne suka fi jinkirin ci gaba daga 1971 zuwa 1989. Sai dai wannan mudu dogara ya ke aunawa, ba ya auna yawan ma'adinai. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da sana'a, sai sayar da itace, in aka duba za a ga duk samunsa daga itace ne, amma ba wanda zai ce itace ne ya talauta shi. Amurka ta fi kowace ƙasa haƙar gawayi da jan ƙarfe da man fetur a farkon ƙarni na 20, ga Kanada, ga Ostareliya, ba a saba kiransu la'anannu ba, domin suna da waɗansu sana'o'i masu yawa da suka rufe kason ma'adinai.

Aibi na biyu yana ga sunan kansa. La'ana aba ce da ta ke sauka daga sama, ba a kare ta da dabara. Shi marubucin bai ce abin tilas ne ba, amma sunan da ya zaɓa haka ya ke koya wa mai ji. Ga ƙasar Cile ta Amurka ta Kudu, ita ma jan ƙarfe ne abincinta, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, faɗuwar farashi ta same ta kamar yadda ta sami Zambiya. Daga baya ta ɗauki darasi. A cikin shekarun 1980 ta buɗe asusun ajiya na jan ƙarfe. A farkon shekarun 2000 ta sa ƙa'ida cewa gwamnati za ta yi kasafinta bisa farashin da wani kwamiti na masana, waɗanda ba ma'aikatanta ba ne, ya kimanta na shekaru masu zuwa, abin da ya ɗara haka a ajiye. Ministan kuɗi Andrés Velasco ya sha zagi don ya ƙi taɓa ajiyar lokacin da farashi ya ke sama. A ƙarshen 2008 asusun ya kai wajen dala miliyan dubu 20, da kasuwar duniya ta karye aka buɗe rumbu a 2009, masu zagi suka koma yabo.

Haka kuma Botswana. Ta sami mulkin kai a 1966 titin kwalta a ƙasar duka bai wuce 'yan mil kaɗan ba. A 1967 aka gano lu'ulu'u a Orapa, cikin ƙasar kabilar shugaba Seretse Khama, amma ya tsaya a kan dokar da ta mai da ma'adinai mallakar ƙasa baki ɗaya, ba ta kabila ɗaya ba. Gwamnati ta raba kamfanin haƙa rabi da rabi da De Beers, aka zuba ribar a makarantu da asibitoci da hanyoyi. Ba a ce ta tsira sarai ba, gama da kasuwar lu'ulu'u ta faɗi a 2024 ta ji jiki, wannan kuwa ya gaskata gargaɗin Auty game da dogara ga haja ɗaya. Amma tsakanin wanda ya ji jiki da wanda ya rushe akwai tafiya mai nisa.

Abin da ya raba ƙasashen nan ba ya cikin rami, yana cikin littafin ma'aji. Hukumar da ta ke rayuwa da haraji da jangali tilas ta lallashi talakawa, domin in sun talauce baitulmali ya bushe, su kuma sukan tambayi inda kuɗinsu ya tafi. Wadda kuɗinta ke fitowa daga rijiya ɗaya ba ta bukatar kowa, ba kuwa mai jin an taɓa aljihunsa balle ya tambaya. Nan haɗarin ya ke, kuma nan maganinsa ya ke.

Saboda haka littafin Auty ya cancanci a karanta shi don gargaɗinsa, amma sunan da ya bari ya zama mafaka ga ɓarayi da ragwaye, domin wanda ya cinye dukiyar jama'a ba abin da ya fi masa daɗi kamar a ce ƙaddara ce. Mai karatu in ya ji an ce ƙasa kaza la'anar mai ko ta zinariya ta kama ta, sai ya yi tambaya uku: wa ya yanka farashin da aka rubuta a kasafi, ina aka kai rarar shekarar samu, wa kuma ke da ikon binciken littafin ma'aji ya karanta wa jama'a abin da ya gani.