James Hadley Chase da Amurkar da Ya Gina a Landan

Duk wanda ya yi sakandaren kwana a Najeriya a shekarun 1970 zuwa 1980 ya san littattafan nan masu hoton mace da bindiga a bango, waɗanda ake ta karɓa-karɓa har sai shafin ƙarshe ya yage. Da yawa sun ɗauka marubucinsu Ba'amurke ne. Baturen Ingila ne, sunansa na yanka René Raymond, an haife shi a Landan a 1906, kuma kafin ya fara rubutu tallan littattafai yake yi, har da bin gida-gida. A nan ya koyi abin da mai saye ke so.

Littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish, ya fito a 1939: labarin 'yar wani attajiri da 'yan fashi suka sace a Amurka. A lokacin bai taɓa taka ƙasar ba. Taswira ya shimfiɗa, ya buɗe ƙamus na kalaman 'yan dabar Amurka, ya ɗora a kan salon marubuci James M. Cain. Masu nazari sun lura cewa ƙashin labarin ya yi kama da littafin Sanctuary na William Faulkner. George Orwell kuwa, a maƙalarsa ta 1944, ya yarda cewa an iya rubutun, amma ya ga littafin yana ɗaukaka ƙarfi da zalunci.

Ni a ganina zargin cewa Amurkarsa ta jabu ce bai da nauyi. Masu karatunsa a Faransa, inda jerin Série noire na kamfanin Gallimard ya yaɗa shi, da na Indiya da na Kano, su ma ba su san titin Miami ba. Paradise City, garin da ya ƙirƙira a jihar Florida, dandali ne kawai. Abin da yake nazari a kai shi ne kwaɗayi. Gwarzonsa yawanci ƙaramin ma'aikaci ne, ko dillalin inshora, ko ɗan jarida da bashi ya yi wa katutu. Sai ya hango kuɗin da ba nasa ba, ya tsara dabara mai kyau, sannan wani ɗan kuskure da bai kai ya kawo ba ya warware komai. Ba wanda ya yi laifin ake nema ba, kamar a littattafan Agatha Christie, domin tun farko an san shi. Mai karatu yana zaune ne a cikin kan mai laifin, yana jin takun 'yan sanda na matsowa, har ya tsinci kansa yana yi masa fatan tsira. Wannan ita ce gwanintarsa.

Inda ya gaza shi ne mata. Kusan kullum macen tarko ce, kyakkyawa mai son abin duniya, kuma da wuya ya ba ta wata zuciya bayan wannan. Bayan littattafai kusan 90 kuma, ginin ya zama ɗaya, sunaye ne ke sauyawa. Ya koma Faransa a 1956, daga baya Switzerland, inda ya rasu a 1985, yana gudun 'yan jarida har ƙarshe.