Ƴan Matan Hawthorne da Littafin Elton Mayo

Duk ɗalibin da ya gama digirinsa na fari, ya shiga karatu mai zurfi a fannin sanin halayyar ma'aikata da tafiyar da ma'aikatu, ba ya yin wata guda kafin a ba shi labarin Hawthorne. Ana ba da shi a Landan, ana ba da shi a Faris, haka ma a jami'o'in Afirka. Ga yadda yake tafiya. Wai a wata masana'anta a Amurka an ƙara hasken fitilu, aiki ya ƙaru. Aka rage hasken, aiki ya sāke ƙaruwa. Sai masana suka gane cewa ma'aikaci yana ƙwazo ne idan ya ga an kula da shi, kuma kulawar ta fi kuɗi ƙarfi a zuciyarsa. Labari ne mai daɗin ji, gajere, mai sauƙin rubutawa a ranar jarrabawa. Mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan fassara shi ne Elton Mayo, cikin littafin da ya buga a 1933 a kan matsalolin ɗan adam a zamanin masana'antu. Littafin ya cancanci a karanta shi a hankali, gama waɗanda aka koya wa darasinsa su ne suke komawa gida su shugabanci asibitoci, da makarantu, da ofisoshi, su yanke shawara a kan albashin waɗansu.

Hawthorne sunan babbar masana'anta ce ta kamfanin Western Electric, a gefen birnin Shikago, inda a dā dubban mutane suke ƙera kayan tarho. An yi binciken daga 1924 zuwa 1932. Mayo kuwa mutumin Ostireliya ne, malami a Jami'ar Harvard. Abu na fari da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ba Mayo ne ya tsara gwaje-gwajen ba. Ma'aikatan kamfanin ne suka fara su, shi bai taka ƙafarsa a wurin ba sai 1928. Ya zo ya tarar da tulin lissafi wanda masu shi suka rasa yadda za su fassara, ya kuwa ba su fassara.

Sai a yaba masa a inda ya cancanta. A zamanin da ya yi rubutu, koyarwar Frederick Taylor ce take da ƙarfi, wato a auna motsin hannun ma'aikaci da agogo, a yanke masa yawan abin da zai yi, a biya shi gwargwadon haka. Mayo ya ce mutum ba ya barin zuciyarsa a ƙofar masana'anta. Yana shiga da damuwar gidansa, yana kuma bukatar abokan aiki da shugaban da zai saurare shi. Tsakanin 1928 da 1930 kamfanin ya zauna da ma'aikata fiye da 21,000, ɗaya bayan ɗaya, aka bar su su faɗi abin da ke ransu. Wannan sabon abu ne a lokacin, kuma wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin shugaba mai tsawa ba zai rena shi ba. Rubutun Mayo ma yana da armashi. Yana tashi daga gajiyar jiki ya bi ta kaɗaicin mutumin birni har ya kai ga rushewar zumunci, mai karatu yana biye da shi ba tare da ya gaji ba.

Matsalar ita ce ginin ya fi harsashinsa girma.

A ɗauki maganar fitilun. An yi wannan gwaji daga 1924 zuwa 1927, amma ba a taɓa buga cikakken rahotonsa ba, har aka daɗe ana zaton takardun sun ɓace. Shekaru da yawa malamai suna maimaita labarin daga bakin juna. Daga baya masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da John List, suka gano lissafin a ɗakunan ajiyar littattafai, suka buga abin da suka samu a 2011. Sun lura cewa ranar Lahadi ake canza fitilun, sa'ad da masana'anta take rufe, sai a ga aikin Litinin ya fi na Asabar. Amma aikin Litinin yakan fi na Asabar ko an taɓa fitila ko ba a taɓa ba. Abin al'ajabin da aka yi ta faɗa, wato kowane canji yana kawo ƙari, ba su same shi cikin lissafin ba, sai ƴan alamu marasa ƙarfi.

Gwajin da Mayo ya fi dogara a kansa shi ne na biyu, wanda aka fara a watan Afrilu 1927. Aka ware ƴan mata biyar a wani ɗaki, tare da ta shida mai kawo musu kaya. Aikinsu shi ne harhaɗa wata ƴar na'ura ta layin tarho mai ƙananan sassa fiye da 30. Kowace ta gama ɗaya, sai ta jefa ta cikin wani rami, inji ya ƙidaya. Aka riƙa canza musu sharuɗɗa: hutu na minti biyar, hutu na minti goma, abin taɓawa da hantsi, tashi da wuri, hutun Asabar. Aiki ya yi ta hauhawa. A 1928 aka janye dukan waɗannan na ƴan makonni, duk da haka jimillar aikin mako ba ta fāɗi ba. Daga nan Mayo ya yanke cewa asirin yana cikin zumuncin da ya ƙullu tsakaninsu da kuma sassaucin mai lura da su. A nasa bayani, mutum shida sun zama ƙungiya ɗaya, suka ba da kansu ga aikin da yardar rai.

Akwai abubuwa biyu da wannan bayani ya bi ta kansu da sauri. Na fari, tun a farkon gwajin aka canza yadda ake biyansu. A babban sashe, ladan mutum yana rataye ne a kan aikin mutum wajen 100, saboda haka ƙoƙarin mutum ɗaya yakan narke cikin taro. A ƙaramin ɗakin kuwa aikin su kaɗai ake lissaftawa. Idan yarinya ta ƙara sauri, za ta ga bambancin a hannunta ranar biya. Kamfanin da kansa ya gwada wannan dabam. Ya bar waɗansu mata biyar a babban sashe, ba ɗaki na musamman, ba hutu, sai sabon tsarin biyan kawai, aikinsu ya tashi da kusan kashi 13 cikin 100. Da aka soke tsarin, ya sauka. Gaskiya ne an yi wani gwajin kuma inda aka ba da hutu ba tare da canza biya ba, can ma aka ga ƙari na ɗan lokaci. To, ko da haka, abin da lissafin ya nuna shi ne kuɗi da hutu duka suna aiki. Bai nuna cewa kuɗi ƙaramin abu ne ba.

Na biyu ya fi nauyi. A farkon 1928 aka fitar da biyu daga cikin ƴan matan biyar, bisa zargin yawan surutu da rashin ba da haɗin kai. An yi ta yi musu gargaɗi kafin haka. Aka kawo waɗansu biyu a madadinsu, suka kuwa fi kowa sauri nan da nan. Ɗaya daga cikinsu mahaifiyarta ta rasu ba da daɗewa ba, nauyin gidansu ya komo kanta, ita ce kuma ta riƙa matsa wa sauran su ƙara himma, gama ladanta yana haɗe da nasu. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Gwaji ne na mutum biyar, an canza biyu a tsakiya domin ba su yi abin da ake so ba, sa'an nan aka ce sakamakon ya tabbatar da amfanin sassauci. Ukun da suka rage sun ga abin da ya sami ƴan'uwansu. Alex Carey, wani masani daga Ostireliya, ya tono wannan a 1967, ya nuna cewa hujjojin da ke cikin rahoton kamfanin sun fi goyon bayan akasin abin da aka ce sun tabbatar. A 1978 Richard Franke da James Kaul suka sāke bin lissafin, suka ga cewa horon shugabanni, da tsoron da karyewar tattalin arziki ta 1929 ta kawo, da lokacin hutu, su ne suka bayyana yawancin ƙarin.

Ba a ce Mayo ya ƙirƙiri ƙarya ba. Ya zo ne da ra'ayinsa a shirye. Tun kafin Hawthorne ya gaskata cewa rigimar ma'aikata da masu kamfani alama ce ta rashin lafiyar tunani da ta al'umma. Mai irin wannan ra'ayi, idan ma'aikaciya ta ce albashi bai isa ba, zai tambayi abin da ke damunta a gida. Wani lokaci tambayar tana kan hanya. Amma wani lokaci albashin ne bai isa ba, littafin kuwa bai bar wa wannan amsa wuri sosai ba. Daga wannan tunani ne kamfanin ya kafa sashen masu ba da shawara a 1936, waɗanda aikinsu shi ne su saurari ma'aikaci har ya huce, ba su da ikon gyara abin da ya kawo kuka a kai. Ƙungiyar ƙwadago kuwa da ƙyar ake jin ɗuriyarta, ko a littafin Mayo ko a babban rahoton da Fritz Roethlisberger da William Dickson suka buga a 1939. Shi ya sa waɗansu masu suka suka yi wa koyarwar laƙabi da ilimin shanu, wato a lallashi saniya domin ta ƙara nono.

Wanda yake so ya ga abin da Hawthorne ta koyar da gaske, gara ya nemi rahoton 1939, ko da yake ya fi kauri, ya kuma fi gajiyarwa. Darajarsa ita ce ya ajiye bayanan da masu suka suka yi amfani da su a kansa. A ciki akwai gwaji na ƙarshe, wanda aka fara a 1931, inda aka sa ido a kan maza 14 masu haɗa wayoyi. Su ma an kula da su, an zauna tare da su wata da watanni, amma aikinsu bai ƙaru ba. Sun yanke wa kansu abin da suke gani aikin yini ne, wanda ya zarce sai a yi masa ba'a, ko a kai masa naushi a dantse. Da aka tambaye su dalili, suka ce idan suka ƙara sauri za a ɗaga musu ma'auni, ko a rage farashin aikin, ko a sallami waɗansunsu. Masu binciken suka rubuta wannan a matsayin tunanin da bai bi hankali ba, tun da kamfanin ya yi alkawari ba zai rage farashi ba. An dakatar da gwajin a 1932, domin aikin da za a ba mutanen ya ƙare.