Gidan Gahawa da Tanderu: Matsayin Wuraren Ci da Sha a Littafin Zuƙaƙul Midaƙ na Najib Mahfuz

Gabatarwa

Tsohon birnin Alƙahira, wanda Faɗimiyyawa suka kafa a shekarar 969, yana da wani yanki da ya shahara wajen ciniki da abinci, wato tsakanin Masallacin Azhar da Masallacin Husaini da kasuwar Hanul Halili. Ita wannan kasuwa tun ƙarni na 14 aka kafa ta, sa'an nan Sarki Ghuri ya sāke gina ta a 1511. Ɗaliban ƙasar Hausa da na Barno da suka yi karatu a Azhar sun san wurin sarai, da shagunansa na dafaffen wake da gasasshen nama da kayan zaƙi. A nan, cikin unguwar Jamaliyya, aka haifi Najib Mahfuz a 1911, kuma a wani ɗan lungu na yankin ya kafa ƙagaggen labarinsa mai suna Zuƙaƙul Midaƙ, wanda ya fito a 1947. Galibin masu karatu sukan ta'allaƙa jigon littafin ga Hamida, budurwar da kwaɗayin duniya ya fitar daga lungun a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Manufar wannan nazari ita ce a nuna cewa wuraren ci da sha su ne ginshiƙan da zubin labarin ya tsaya a kansu, a kuma duba inda marubucin ya gaza.

Gidan Gahawar Kirsha

Da wannan gida aka buɗe labarin, da wani al'amari da ya ƙunshi jigon littafin baki ɗaya. Wani tsohon mawaƙi ne, wanda ya shafe shekara da shekaru yana rera wa masu shan shayi labaran jarumtakar Banu Hilal da rababarsa, wato wani abin kiɗa mai kama da kukuma. Mai gidan, Malam Kirsha, ya sallame shi a gaban jama'a, domin ana kafa akwatin rediyo a wurin. Hikimar da ke nan ita ce, marubucin ya nuna sauyin zamani ba tare da ya yi huɗuba a kansa ba: ciniki ne ya yanke hukunci, tun da mai gahawa yana bin abin da masu biyan kuɗi ke son ji.

Har ila yau, gidan gahawar shi ne majalisar lungun. A nan ake yanke shawara, a nan ake jin labarin wanda ya tafi da wanda ya komo, kuma da mai gidan ne ɗan takarar zaɓe ya yi cinikin ƙuri'un mutane. A nan ne kuma matar Kirsha ta kutso ta tona asirin mijinta game da neman samarin da yake yi. Ƙarfin wannan fage ya samo asali ne daga kasancewar wurin na maza ne zalla, don haka shigowar mace kaɗai ta isa ta nuna cewa tura ta kai bango.

Shagon Basbusa da Tanderun Husniyya

A bakin lungun akwai shagon Baba Kamil, mai sayar da basbusa, wani abin zaƙi da ake yi da tsakin alkama a jiƙa shi da ruwan sukari. Mutum ne ƙato, mai yawan gyangyaɗi a bakin shagonsa. Kowace safiya shi da Abbas wanzami sukan karya kumallo a faranti ɗaya da dafaffen wake da albasa. Wannan cin tare shi ne ma'aunin zumuncin da ke tsakaninsu, kuma shi ya sa tafiyar Abbas aiki a sansanin sojan Ingila da ke Tallul Kabir ta yi wa mai karatu nauyi.

Tanderun Husniyya kuwa ya fi kowane wuri amfani wajen ƙulla zaren labarin. A al'adar tsofaffin unguwannin Masar, gidaje kan aika da farantansu tanderun unguwa a gasa musu. Saboda haka mai tanderu tana sane da abin da kowane gida ke ci. Ta wannan kafa ce asirin attajiri Salim Alwan ya tonu: kullum ana kai masa farantin farik, wato ɗanyar alkama da aka babbaka, haɗe da naman tantabara da gyaɗar ƙamshi, domin ƙarin kuzarin aure. Husniyya ta ɗebi kaɗan ta gwada, labari ya game lungu. Wannan faranti shi ne ya bayyana dalilin da ya sa dattijon ya nemi auren Hamida, har ciwon zuciya ya kwantar da shi, maganar ta wargaje.

Idan aka jera farantin Alwan da kwanon adas, wato ɗan ƙaramin waken nan na talakawa wanda Hamida ta gaji da ci, za a ga cewa da abinci marubucin ya auna tazarar mai hali da marar hali. Daɗin daɗawa, labarin da ya fara a gidan gahawa ya ƙare ne a gidan giya, can wajen lungun, inda sojojin Ingila suka yi wa Abbas dūkan da ya zama ajalinsa. Tsakanin waɗannan gidajen sha biyu aka shimfiɗa dukan tafiyar taurarin.

Inda Aka Gaza

Duk da wannan gwaninta, akwai abubuwa biyu da ya kamata a yi wa littafin tarke a kansu. Na farko, masu sana'ar abincin ba su da zurfi. Yadda aka ga Baba Kamil a farko haka aka bar shi a ƙarshe, Husniyya kuma kusan ba a san ta da komai ba sai dūkan mijinta Ja'ada. Ana iya cewa da gangan aka yi haka don a nuna lungun ba ya motsi, amma sakamakonsa shi ne an mayar da su abin dariya, alhali da guminsu kowa ke ci. Na biyu, ita kanta sana'ar ba ta sami kulawa sosai ba. Labarin ya faru ne a lokacin tsadar yaƙi, kuma an nuna yadda attajiri ke cin ribarta, amma ba a shiga da mai karatu cikin lissafin mai tanderu ko mai basbusa ba, balle ya ji yadda tsadar gari da sukari ke taɓa su. Da an yi haka, da hujjar matasan da ke gudu zuwa aikin Turawa ta ƙara fitowa fili.

Kammalawa

Bayan Najib Mahfuz ya sami kyautar Nobel a 1988, an buɗe wani gidan abinci mai ɗauke da sunansa a cikin Hanul Halili a 1989, wanda akasarin masu zuwansa baƙi ne 'yan yawon buɗe ido. Gidan gahawar Fishawi, wanda ya haura shekara 200 kuma marubucin ya sha zama a cikinsa, shi ma da sunan nasa ake tallarsa. Marubucin ya rasu a 2006. Abin lura shi ne, dokar cinikin da ta fitar da mai rababa daga gidan Kirsha ita ce ta maƙala sunan mai littafin a ƙofar gidan abinci. Wanda ya je unguwar zai sami gahawa da basbusa, amma tsarin zaman da ya sa mai tanderu ta san cikin kowane gida, a littafin nan ne aka fi adana shi, kuma wannan ya isa dalilin da manazarta adabi za su ci gaba da karanta shi.