Ba mace ce ta murɗa tsirkiyar ba

Ranar da muka kai ga kisan Yarima Mustafa a shirin nan na Turkiyya, Muhteşem Yüzyıl, wanda Larabawa ke kira Harimus Sulɗan, ni da yayata ne a zaune muna kallo a waya ɗaya. Bebayen fada suka yi wa yariman taron dangi a cikin tantin mahaifinsa, suka zarga masa tsirkiya a wuya. Yaya ta goge hawaye da gefen mayafi ta ce, "Allah ya isa tsakaninsa da Hurrem. Kishiyar uwa ba ta da imani." Ban musa mata ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Sai da na kwana biyu ina juya maganar na lura cewa Sarki Sulaiman, wanda ya kira ɗansa da bakinsa kuma ya ba da umarnin kashe shi, ya fita daga zancenmu salin-alin. Duk tsinuwar a kan mace ta sauka.

Shirin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An nuna shi daga 2011 zuwa 2014, kashi 139, kuma Halit Ergenç ya hau matsayin Sulaiman kamar don shi aka ɗinka rigar. Damuwata ita ce tsarin da ya zama ruwan dare a irin waɗannan finafinai na gidan sarauta: 'ya'yan sarki na farautar juna, iyayensu mata na hura wutar, guba a kofi, wasiƙar jabu, kuyanga ta laɓe a bayan ƙofa. 'Ya'ya mata kuwa tukuici ne, a miƙa wa wazirin da ake son a ɗaure. Mu Hausawa wannan labari yana shigarmu da sauƙi, domin mun san 'yan ubanci, mun san abin da kishi ke haifarwa a gida mai ɗaki biyu. Shi ya sa muke haɗiyewa ba tare da tauna ba.

To amma a duba yadda gidan Usmaniyya yake a wancan zamani. Ba su da dokar cewa babban ɗa ne zai gaji sarauta. Kowane yarima ana tura shi ya riƙe lardi, in uban ya rasu wanda ya riga isa Istanbul ya samu goyon bayan sojoji shi ne sarki. Tun zamanin Muhammad na Biyu, wanda ya ci birnin a 1453, an rubuta a kundin dokoki cewa wanda ya hau gadon mulki yana iya kashe 'yan'uwansa don zaman lafiyar ƙasa. Ga kuma al'adar fada: ƙwarƙwarar da ta haifi namiji takan bar shimfiɗar sarki, daga baya ta bi ɗanta lardinsa, rayuwarta ta rataya a kan tasa. Yanzu ki sa kanki a matsayin Hurrem, baiwar da aka kamo daga yankin da yau yake cikin Yukiren. Kina da 'ya'ya maza, kin san ranar da Mustafa ɗan Mahidevran ya hau karaga za a shaƙe su ɗaya bayan ɗaya. Me za ki yi? Mahidevran ma lissafin da take yi ke nan a nata ɗakin. Ban wanke Hurrem ba. Tun tana raye mutanen Istanbul ke zarginta da hannu a kisan Mustafa a 1553. Amma tsoron uwa a kan ran ɗanta daban, kishin miji daban, kuma mai shirya fim da ya cakuɗa su ya zalunci matan biyu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya biyo baya. Hurrem ta rasu a 1558. Shekara ɗaya bayan haka 'ya'yanta Salim da Bayazid suka gwabza yaƙi a kusa da Konya. Waɗannan shaƙiƙai ne, ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha. Babu kishiya a tsakaninsu, uwar ma tana kabari. Bayazid ya gudu Farisa wurin Shah Tahmasp, aka yi ta ciniki a kansa da zinariya, a 1561 aka miƙa shi aka shaƙe shi tare da 'ya'yansa maza. Wace mace za a ɗora wa wannan? A 1595 Muhammad na Uku ya sa aka kashe 'yan'uwansa goma sha tara da hawansa mulki, wasunsu ƙananan yara. Maza ne suka rubuta dokar, maza suka zartar.

Shirin ya nuna ƙarshen Bayazid, gaskiya ne. Sai dai kafin a zo nan mai kallo ya shafe fiye da kashi ɗari yana koyon cewa duk wata fitina daga ɗakin mata take tasowa.

Sai batun Mihrimah, 'yar Sulaiman da Hurrem. A 1539, tana da kimanin shekara goma sha bakwai, aka aurar da ita ga Rustam Fasha wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, shi kuma ya zama babban waziri a 1544. Auren siyasa ne, babu ja. Fim yana son wannan gaɓar: amarya na kuka, uwa na lissafi. Abin da ba ya daɗewa a kai shi ne matar da yarinyar ta zama. Masallatai biyu a Istanbul suna ɗauke da sunanta, ɗaya a Uskudar ɗaya a Edirnekapi, duka aikin babban magini Sinan. Da dukiyarta aka gyara magudanar ruwan Zubaida da ke shayar da alhazai a Makka. Uwarta kuwa ta gina masallaci da makaranta da asibiti a unguwar da har yau ake kira Haseki, da laƙabinta. A 1552 ta kafa gidan ciyar da talakawa a birnin Ƙudus, inda ɗaruruwan mutane ke cin abinci kullum. Ta yi musayar wasiƙu da Sarkin Folan. Duk wannan yana buƙatar sanin kuɗi, sanin waƙafi, sanin mutane. Ina ma a ce an ba mu kashi goma cur a kan yadda baiwar da aka saya a kasuwa ta koyi wannan aiki, a madadin kofin guba na ashirin.

Ita ma Mahidevran ta cancanci fiye da hararar da aka san ta da ita a allo. Bayan kashe ɗanta ta koma Bursa, ta yi shekaru cikin ƙuncin rayuwa, har Salim, ɗan kishiyarta, ya yanka mata albashi. Ta rayu kusan shekara talatin bayan Mustafa, an kuma binne ta a hubbarensa. Wannan kaɗai labari ne da zai sa dutse kuka, kuma babu makirci ko ɗaya a cikinsa.

A 2012 Rajab Tayyib Erdogan, yana firaminista, ya soki shirin da cewa ya rage wa Sulaiman daraja, sarkin da ya ƙare rayuwarsa a kan doki an mai da shi mazaunin ɗakin mata. Mutane da yawa sun fusata saboda martabar sarki. Ni martabar matan ce ke damuna, kuma ban ji an yi musu irin wannan kururuwar ba.

Yaya, da ke da duk mai kallon irin waɗannan shirye-shirye: in an sake nuna miki yarima a ƙasa da tsirkiya a wuya, kafin ki yi Allah ya isa ga uwar wani, ki tambayi wanda ya kira shi cikin tantin.